Ranar da Na Daka wa Mijina Gumba

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai. Sai in yi ta neman carbi alhali yana rataye a wuyana. Amma akwai wata Juma'a da ba za ta fita daga raina ba sai ranar da aka turbuɗe ni, Juma'ar da na ɗauki ƙwaryar gumba na ratsa taron maza a gindin tsamiyar masallacin unguwarmu. Har gobe in na tuna sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Kuma ba da yaƙi nake fushi ba, yaƙi ya yi ɓarnarsa ya wuce. Da maza nake fushi, mazan da suka iya tsayawa gaban bindiga amma suka kasa buɗe baki gaban tsohuwa guda.

Ban yi boko ina yarinya ba. Sai da na aurar da 'ya'ya na fara goyon jikoki sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, na zauna kan tabarma ina koyon riƙe alli da hannun da ya saba da taɓarya. Don haka wanda ya ga rubutuna a karkace ya yi haƙuri, maganar dai a miƙe take.

Lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke a Najeriya ban daɗe a ɗakin miji ba. Mu nan Madarumfa ba a ƙasarmu ake yaƙin ba, amma iyaka na nan kusa, kuma duk abin da aka dafa a Katsina sai ƙamshinsa ya iso mana. Direbobi da 'yan kasuwa suka riƙa zuwa da labarin ana ɗaukar soja, babu tilas, duk mai jini a jika ya je ya miƙa kansa, a ba shi kaki da takalmi da albashi. Shekarar kuwa gyaɗa ba ta yi ba. Samari na zaune bakin tafki suna jifan ruwa da tsakuwa, sai labarin ya hau musu kai.

Mutum huɗu suka tashi daga unguwarmu. Akwai mijina, masunci ne, mai sanyin magana, wanda in ka ji muryarsa ta ɗaga to kifi ne ya kuɓuce masa. Akwai ɗan wan babansa da ya girme shi, wanda daga baya ya dawo da igiya biyu a hannun riga, kowa ke ce masa Kofur. Akwai ɗan maƙerin unguwa, abokin mijina tun suna yawo ba wando, mai bakin da ba ya rufuwa. Sai wani maraya da ya tashi a gidan mai unguwa.

Ni dai na faɗi tawa tun kafin su tafi. Ina da ƙaramin ciki a lokacin. Na ce masa, "Yaƙin nan na gidanku ne? Wani ya taɓa maka koma ko ya ƙwace maka kwalekwale?" Ya yi murmushi ya ce, "Damina ɗaya ce, kafin ki yaye abin da ke cikinki na dawo." Uwarsa kuwa, wadda nake kira Inna, shi kaɗai ne ɗanta namiji. Ba ta hana shi ba, don ta san ba zai hanu ba. Sai ta kama hannunsa ta sa cikin na Kofur ta ce, "Ga ƙanenka nan, amana. Yadda ka tafi da shi haka za ka maido mini shi." Kofur ya bugi ƙirji ya ce, "Inna, ko ni in zauna can, shi sai ya dawo." Baki ba ya ciwo wurin ɗaukar alkawari.

Da suka isa wurin ɗaukar soja aka tambaye su garinsu, sai suka ambaci wani ƙauye can bayan Jibiya, don kada a ce mutanen Nijar ne a koro su. Wa zai bambanta Bahaushen Maraɗi da na Katsina? Baki ɗaya, tsage ɗaya. Su a ganinsu wayo suka yi. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa in wani abu ya same su, can ƙauyen da ba a san ko kakansu ba za a aika da labari.

Damina ɗaya ta zama biyu, ta zama uku. Na haihu, na yi goyo, na yaye ɗiyata, har ta fara bin awaki da sanda. Sai aka ce yaƙi ya ƙare. Wata ranar kasuwa kamiyo, babbar motar kaya, ya tsaya a tasha, mutum biyu suka diro da akwatunan ƙarfe da manyan takalma, Kofur da ɗan maƙeri. Mata suka yi ta guɗa. Tun a tashar suka faɗi cewa maraya ya rasu, ciwon ciki ya kashe shi a daji. Ku lura da wannan. Shi da ba shi da uwar da za a ji nauyinta, ko ruwa ba su sha ba suka sanar da mutuwarsa, aka yi masa addu'a a ranar.

Inna ta kutsa cikin mutane ta riƙe rigar Kofur ta ce, "Ina ƙanenka?" Ya dubi takalminsa kamar yau ya fara ganinsa. Ya ce, "Yana nan tafe, Inna. Su ba a sallame su ba tukuna." Ta ce alhamdu lillahi, ta koma gida ta yanka kaza.

A lokacin ina soya kifi ina sayarwa a ƙofar gidanmu, kuma ƙofar tana fuskantar tsamiyar da maza ke zama. Don haka duk yaƙin nan na ji shi tun daga farko har ƙarshe, na sake jinsa, har na fi wasu da suka je iya ba da shi. Ɗan maƙeri ne mai labari, Kofur sai dai ya gyaɗa kai. Na ji yadda aka aske musu kai ƙwal, aka yi ta kora su a fili ana daka musu tsawa, kafin su gama gane hagu da dama aka ce sun ƙware, aka ɗura su a jirgin ƙasa sai kudu. Bataliyarsu duk 'yan sa-kai ne irinsu, manoma da 'yan dako da mahauta da masu gyaran keke, wasu ba su taɓa riƙe abin da ya fi fartanya ba. Na ji labarin dajin da rana ba ta taɓa ƙasa, da ruwan da ke zuba ba dare ba rana har ƙafa ta ruɓe cikin takalmi, da garin rogon da suke jiƙawa a hular ƙarfe. Na ji yadda suke kwana a rami ruwa iya gwiwa, suna sallah a zaune da ido, da yadda ƙasa ke fashewa ƙarƙashin mutum ta watso ƙusoshi da guntayen ƙarfe. Wani lokaci muryar ɗan maƙeri takan yi ƙasa, ya faɗi yaran da suke tararwa a ƙauyukan da aka gudu, ciki ya kumbura gashi ya yi ja, su miƙo hannu ba su iya ko kuka. A nan ba ya ƙari. Amma da an koma kan jarumtarsa, abokan gaban da ya kayar kullum ƙaruwa suke kamar ƙwan zabi. Ranar Lahadi in sun kai goma, kafin Alhamis sun cika kamiyo.

Ni ba jarumtarsa nake saurare ba, mijina nake nema a cikin labarin. Kuma yana ciki. Shi ya kama musu tarwaɗa a wani rafi da hannu lokacin da yunwa ta kusa kashe su. Shi ya goya wani Bazazzagi da ƙaya ta huda masa ƙafa. Sai dai na lura da abu guda. Duk ranar da labari ya kawo bakin wani babban kogi da aka ce sun ƙetare, sai ɗan maƙeri ya yi tari, ya nemi goro, ya yi tsalle ya dira a wancan ƙetaren. Daga nan kuma babu mijina. Za su ci garuruwa, za su sha ruwan sama, za su yi murnar ƙarewar yaƙi, ba a sake ambatonsa ko da kuskure. Ban san baƙi ba a lokacin, amma na san in kana bin sawun akuya ya ɓace a bakin rijiya, ba sai an kira boka ba.

Wata safiya ɗan maƙeri ya zo sayen kifi, na ce, "Kai, abokinka a wane gari kuka bar shi?" Ya ce, "Matarmu, Ikko aka tura su, gadin manyan gidaje." Bayan kwana kaɗan na aiki matar Kofur ta tambayo mijinta, ta dawo ta ce Kaduna. Ko ƙaryar ma ba su zauna sun daidaita ta ba.

Shi Kofur ban iya tare shi kai tsaye ba, don wan miji ne, akwai kunya tsakaninmu. In ya shigo gida sai in shige ɗaki. Kuma don Allah ba zan zalunce shi ba, mutumin ya yi mana wahala. Shi ke nome gonar Inna kafin ya taɓa tasa. Shi ya sake mana rufin rumbu. Da ƙaramar Sallah ta zo sai ga shi da turmin zane, ya ba Inna ya ce a ba ni, wai saƙo ne daga mijina, wani direba ya kawo. Inna ta rungume zanen tana shafawa kamar fuskar ɗanta. Ran kasuwa na bi ta gaban mai zannuwa, sai ya ce, "Yaya zanen da Kofur ya sai miki? Na ce masa ya ɗauki shuɗin ya ƙi." Na tsaya ina kallonsa, ban san ko dariya zan yi ko in kurma ihu ba.

Haka na zauna, ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina da ƙuruciyata, jini na gudu a jikina, sa'o'ina suna ta haihuwa na biyu da na uku. In na yi kwalliya a ce wa take yi wa, in na zauna da dauɗa a ce tana yi wa mijinta fatan tsiya. Na je Safo wurin iyayena, gwaggona ta ce haƙuri, mahakurci mawadaci. Na ce, "Gwaggo, haƙuri da me? A faɗa mini abin da nake haƙuri da shi mana." Na je wurin limamin unguwa, ya ce shi ba zai ce mutum ya mutu ba sai shaidu biyu sun faɗa da bakinsu. In kuwa ɓata ya yi, sai a kai magana gaban alƙali a sake jiran wasu shekaru. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ga shaidun can kullum suna cin goro a ƙofar masallacinka." Ya ce ya tambaye su, sun ce yana raye. Ya tambaye su ne irin tambayar da ake yi ana addu'ar kada a amsa.

Inna kuwa kowane dare sai ta sa an zuba tuwonsa a akushi an rufe, ko zai iso cikin dare. Da safe a ɗumama wa ɗiyata. Kwalekwalensa na bakin tafki yana ruɓewa, masunta sun zo saye ta kore su. Komarsa ta ɗinke ta ta rataye. Ni da ita muna zaman lafiya, tsohuwar ba ta da mugunta, amma da na soma zancen ko dai wani abu ya faru sai ta toshe kunne ta ce kada in yi wa ɗanta mugun baki.

Damina biyu suka wuce a haka bayan dawowarsu. Mutane suka fara tambaya, wane irin soja ne wannan da ba ya samun hutu ko na kwana uku? Da ƙarya ta fara yagewa sai suka nemi ƙyallen da za su yi mata faci. Ɗan maƙeri ya shiga raɗa wa mutane wai ai mijina ya samu wata mace can kudu ya aura, ya yi gida, kunya ce ta hana shi zuwa. A tunaninsa wai in na ji haka zan yi fushi in nemi a raba auren in tafi, shi ke nan sun huta da ni ba tare da sun furta komai ba. Ku ji dabarar maza. Sun gwammace su shafa wa abokinsu baƙin fenti da su ce Allah ya yi masa rasuwa.

Ni maganar ba ta shige ni ba, na san mutumin da na aura. Amma ta shigi Inna. Ran da ta ji, ta ƙi cin abinci. Ta daina sa a zuba tuwo a akushi. Wata Alhamis da yamma ina shara na ji ta a ɗaki tana magana ita kaɗai, tana cewa ita ta ɗauki cikinsa, ita ta yi masa wankan jego da itacen da ta saro da hannunta, yau ya zaɓi wata can ya manta da ita. Sai ta ce in watan gobe ya kama bai zo ba, za ta fito tsakar gida ta ɗaga masa nono. Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da ake nufi, uwa ta tsine wa ɗanta ke nan, tsinuwar da ba ta da magani. Za a sa tsohuwa ta la'anci ɗanta yana cikin ƙasa, don wasu ƙattai biyu suna jin nauyi.

A daren na jiƙa gero. Da gari ya waye na surfa na wanke, na hau daka. A wurinmu gumba ba abin marmari ba ce kawai, ita ake rabawa sadaka in an yi mutuwa, ran uku da ran bakwai da ran arba'in. Ba a dakawa da sunan mai rai. Maƙwabciyata ta leƙo ta kan danga ta ga ina cura ta da zuma, ta ce, "Ke, wa ya rasu?" Na ce, "Abin da za ni in tambayo ke nan."

Na jira har maza suka dawo daga Juma'a suka baje a gindin tsamiya, liman a tsakiya, Kofur a gefensa, ɗan maƙeri ya riga ya fara harbi da baki. Na yafa mayafi, na ɗauki ƙwarya, na tsallaka hanya. Ban tsaya ba sai gaban liman. Na durƙusa na ajiye.

Liman ya ce, "Lafiya, 'yar nan?"

Na ce, "Sadaka na kawo, Allah ya gafarta Malam. Ta mijina ce."

Ya ce, "Subhanallahi. An aiko ne?"

Na ce, "Ba a aiko ba. Masu aiken ga su nan zaune." Na nuna su da baki. "Ni jahila ce, Malam, amma na san ba a yi wa mai rai gumba. In yana raye, su biyun nan su faɗa a gabanka da alwalarsu, in ɗauki ƙwaryata in zuba wa awaki, in bi kowa in roƙi gafara. In kuwa ya mutu, su sa hannu su ci a shafa fatiha."

Wani dattijo ya ce, "Yarinya, mace ba ta shigowa nan." Na ce, "Baba, da maza sun shigo gidanmu sun faɗi abin da ya kamata, da ba ku gan ni ba."

Ɗan maƙeri ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Haba matarmu, wannan rigima da tsakar rana, ki bari mana mu zo gida a yi magana." Na ce, "Kai da ke cika kamiyo da gawa kafin Alhamis, kalma ɗaya nake nema a bakinka. Raye ko mace?" Wasu samari suka ƙyalƙyale, aka harare su. Shi kuwa ya shiga laluben aljihu yana neman goro.

Kofur bai ɗago ba. Gumi na bin wuyansa. Liman ya fara cewa in koma gida za a bincika, ni kuma na ce ba inda za ni, sai ga Inna. Maƙwabciyar ce ta je ta fesa mata. Ta taho da sandarta, ɗankwali a karkace, tana haki. Ba ta dubi kowa ba sai ni. Ta ce, "Ke 'yar banza, ɗana kike yi wa gumba yana raye? In aure kike so ki tafi ki yi, wa ya ɗaure ki?" Ta ɗaga sanda, na sunkuyar da kai na ba ta baya, don na riga na shirya shan duka. Sai ta fasa. Ta juya wurin Kofur.

Ta ce, "Tashi ka kunyata ta. Ga masallaci, ga liman. Ka ce wallahi ƙanenka na raye, ta kwashe tsiyarta ta bar nan."

Ni duk abin da na faɗa bai motsa shi ba. Amma da ita ta nemi ya rantse, sai na ga kafaɗunsa sun zube. Ya zame daga kan buzu ya durƙusa gabanta, ƙaton mutum, ya cire hula. Ya ce, "Inna, ba zan iya rantsewa ba."

Ta ce, "Don me?"

Sai ya faɗa. Ya ce da suka isa babban kogin nan, manyansu suka tambaya wa ya iya tuƙa jirgi, mijina ya ɗaga hannu ya ce shi ɗan bakin tafki ne. Aka sa shi cikin masu ƙetarar da soja da sassafe. Suna tsakiyar ruwa aka buɗe musu wuta daga wancan gefen. Jirage suka kife, wasu suka kama da wuta, kuma yawancin 'yan bataliyar mutanen tudu ne, ba su iya iyo ba, ga nauyin takalmi da harsashi. Mijina ya riga ya kai gaɓa, ya koma. Ya yi ta jawo mutane yana kaiwa kan yashi yana komawa. Kofur ya ce, "Ni kaina na riga na sha ruwa na saki, shi ya kamo ni ta wuyan riga." A komawar da ya yi bayan nan harsashi ya same shi a haƙarƙari. Suka jawo shi, ya cika kafin azahar da kalmar shahada a bakinsa. Su biyun suka haƙa rami da hannu da hular ƙarfe a gindin wata bishiyar kwakwa, ɗan maƙeri ya ja sallah iya abin da ya sani.

Ya ce, "Ni na ce zan maido miki shi, Inna, sai ga shi shi ya maido ni. Da wane baki zan faɗa miki?"

Ɗan maƙeri na gefe yana kuka kamar yaro. Ni kuwa hawaye na zuba amma fushi ya fi hawayen yawa. Mutuwa mai kyau irin wannan, wadda kowace uwa za ta ɗaga kai da ita, wadda ɗiyarsa za ta yi tinƙaho da ita, suka binne ta suka ba mu labarin wata mace a madadinta.

Inna ba ta faɗi ba, ba ta yi kururuwa ba. Ta dogara sandarta. Can ta ce, "Tun yaushe?" Ya ce tun daminarsu ta biyu a can. Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "To duk shekarun nan ɗana na kwance a ƙasar da ba a san shi ba, ko ƙulhuwallahu ɗaya ba ta je masa daga gidansu ba. Ina ta roƙon Allah ya kawo shi, ban taɓa roƙa masa gafara ba. Jiya ma saura kaɗan in tsine masa." Ta dubi Kofur. "Ran ɗana ba a hannunka yake ba, ban taɓa zaton haka ba, maganar uwa ce kawai na yi. Amma addu'arsa a bakinka take, kuma ka riƙe."

Ta sunkuya da ƙyar ta buɗe ƙwaryar, ta gutsuro gumba da hannunta ta miƙa masa. Ta ce, "Ci." Ya karɓa ya ci. Ta ba ɗan maƙeri, ta ba liman, sannan aka zagaya da ƙwaryar. Liman ya ɗaga hannu, duk gindin tsamiya ya ɗaga. Ranar aka fara yi wa mijina addu'a a garinsu.

Da aka shafa na ce, "Malam, yau zan shiga takaba ke nan?" Ya shafa gemu ya ce a'a. Ya ce takaba daga ranar mutuwa ake lissafa ta, ba daga ranar jin labari ba, tawa ta cika ta wuce tun ina goyo. Wato duk zaman nan da na yi, ana auna kwalliyata ana auna dariyata, babu igiyar kowa a kaina. Na dubi Kofur, wan mijin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, na dube shi sosai. Abin da ke bakina a lokacin bai dace da ƙofar masallaci ba, sai na ɗauki ƙwaryata.

Duk da haka na zauna da Inna har aka yi sadakar arba'in, don ita makokinta sabo ne. Ita da kanta daga baya ta ce in yi aure, kuma daga ɗakinta aka ɗauke ni. Kofur ya ci gaba da nome mata gona har ta koma ga Allah. Na yafe masa, amma sai da na ɗauki lokaci, kuma ko a tsufanmu in ya fara cewa ai don tausayi suka yi, sai in ce ya rufe mini baki.

Don wannan ne abin da na koya, kuma a kansa zan mutu. Abin da muke kira kara, sau da yawa ba wanda ake ɓoye wa ake tausayi ba, mai ɓoyewar ne ke tausayin kansa, ba ya son ya ga fuskar mutum lokacin da labari ya dira. Sai ya sayi sauƙin yini ɗaya da shekarun wani. Tun daga lokacin, in aka yi rasuwa a unguwa maza suka tsaya a zaure suna tura juna, ni ake kira. Ina shiga in yi sallama, in zaunar da mace, in riƙe hannunta, in faɗa mata da sunan wanda ya tafi. Ba na cewa jiki ya yi tsanani, ba na cewa a dai yi ta addu'a. Wasu na cewa ba ni da tausayi. Su faɗa. Kukan da za a yi yau a yi shi yau, mamaci ya samu addu'arsa da ɗuminta, mai rai kuma ya san inda zai sa ƙafa gobe.